Tarihin Dajin Serengeti

Kalmar nan safari da Turawa ke faɗa in za su kallon namun daji, daga Sawahili suka aro ta. Su kuma Sawahili daga Larabci suka samo ta, inda mu ma muka samo kalmarmu ta safara. Daji mafi shahara ga wannan tafiya shi ne Serengeti, a arewacin Tanzaniya, wanda faɗinsa ya kai wajen mil 5,700 murabba'i. Baƙon da ya tsaya cikin mota ya hangi zakoki da ɓauna da jakunan dawa da raƙuman dawa sun cika fili, sai ya zaci haka wurin yake tun fil'azal, ba hannun ɗan Adam a ciki. To, ba haka ba ne.

A da, makiyayar Masai ce, wata kabila ma'abota shanu. A wajen 1887 Italiyawa suka sauke shanu a tashar jiragen ruwa ta Masawa, cikin Eritiriya, ashe suna ɗauke da ciwon bushiya. Kafin shekara biyar cutar ta game gabashin Afirka. Ita ce kuma ta ƙetaro yamma ta gama da garkunan Fulani a ƙasar Hausa. A ƙasar Masai, cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ta tsira, ɓauna da sauran namun daji masu rababben kofato suka yi ta faɗuwa. Da wani Bature matafiyi, Oska Bauman, ya ratsa wurin a 1892, ya iske yunwa ta mai da mutane ƙashi da fata. Da dabbobin kiwo suka ƙare, sai sarƙaƙiya ta rufe wurare da yawa, ƙudan tsando ya shigo, mutane suka ja da baya.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, ƙasar ta fita daga hannun Jamus ta koma hannun Ingila, ana kiranta Tanganyika. Sa'an nan maharba suka riƙa zuwa daga Turai da Amurka cikin motoci, suna karkashe zakoki don fata da alfahari. Da ɓarnar ta yi yawa, gwamnati ta keɓe wani yanki a 1929, kuma a 1951 aka tsai da Serengeti gandun daji na ƙasa. Amma fa Masai na ciki da shanunsu. Aka yi ta gardama, har a 1958 dattawansu suka sa hannu a takarda, a 1959 aka tashe su zuwa Ngorongoro, aka yi musu alkawarin kiwo da ruwa a can. Har wa yau rigimar ƙasa ba ta ƙare tsakaninsu da hukuma ba.

A waɗannan shekaru ne wani masani Bajamushe, Barnahad Girzimek, da ɗansa Mika'ilu suka zo da ƙaramin jirgin sama, suna ƙidaya dabbobi suna bin sawun ƙaurarsu. A watan Janairu na 1959 jirgin ɗan ya yi karo da mikiya, ya faɗi, ya rasu. Aka binne shi a bakin kwarin Ngorongoro. Majigin da suka ɗauka ya sa duniya ta san sunan Serengeti.

Babban abin kallo a dajin shi ne nyumbu, wata dabba mai jikin gwanki da kan sa, wadda ke ƙaura kowace shekara tana bin ruwan sama, har ta ƙetare kogin Mara mai kadoji ta shiga Kenya. A 1961 yawansu bai wuce wajen 250,000 ba, domin bushiya na kashe 'ya'yansu. Sai likitocin dabbobi suka dage da yi wa shanun da ke kewaye da gandun allura, daga baya da wadda Walta Fuloraiti ya haɗa a Kenya. Ba wanda ya yi wa nyumbu allura ko ɗaya, amma da cutar ta bar shanu sai ta bar su su ma. Kafin 1977 sun zarce miliyan ɗaya. A 2011 aka yi shelar bushiya ta ƙare a duniya.

Saboda haka wanda Allah ya nufa da ganin garken nan ya cika sarari, ya tuna da likitan da ya yi wa sa allura, ya kuma tuna da makiyayin da aka tasa daga wurin.