Tutar da aka ɗaura a ƙofar masallaci

  

Ranar 1 ga Oktoban da ta wuce, wasu yaranmu suka ɗaura tutar Nijeriya a jikin falwayar da ke ƙofar masallaci. Bayan sallar isha'i sai gardama ta kaure a majalisa. Wani matashi da muka sani tun yana makarantar allo ya ce, "Malam, don Allah da me za mu yi alfahari? A nan aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, amma da na je neman aiki sai aka ce in kawo takardar shaidar ƙaramar hukumar babana, garin da sau biyu kacal na taɓa zuwa." Wani dattijo ya ce masa, "Kai yaro, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Aka watse ba wanda ya gamsar da wani. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi waiwaye, domin garin nan da muke zaune a cikinsa yana da abin cewa a kan wannan tambaya.

Mu fara da sunan ƙasar. Wata 'yar jarida Baturiyar Ingila, Flora Shaw, ita ce ta ba da shawarar sunan Nijeriya a jaridar The Times a watan Janairun 1897, daga sunan kogin Neja. Daga baya ta auri Lugga, wanda sojojinsa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Ranar 1 ga Janairun 1914 ya haɗe Arewa da Kudu suka zama ƙasa ɗaya. Babu kakanmu ko ɗaya da aka tambaya. Wasu ma ƙin zama suka yi: Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka rage har ƙasar Sudan. Jikokinsu suna can a garin Mai Wurno, a bakin kogin Nilu, suna jin Hausa da Fulatanci, amma 'yan Sudan ne.

Haka iyakar da ke tsakaninmu da Nijar. Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Maraɗi kuwa kowa ya san sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi, shi ya sa har yau ake ce wa sarkinta Sarkin Katsinan Maraɗi. Mutumin Jibiya da mutumin Ɗan Isa dangi ne, kasuwa ɗaya suke ci, amma wannan ranar 'yancinsa 1 ga Oktoba, wancan 3 ga Agusta. Mu 'yan kasuwa mun ɗanɗana ɗacin wannan layi a 2023, lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli, albasa da sauran kayan gwari suka yi ta lalacewa a cikin manyan motoci, ba a buɗe ɓangarenmu ba sai watan Maris na 2024. To, kun ga ta wannan fuska yaron nan yana da gaskiya. Abin da ba kai ka zaɓa ba, ba kai ka yi ba, yaya za ka yi taƙama da shi? Da alƙalamin Bature ya karkace kaɗan, da da yawanmu yanzu da sefa muke ciniki.

Sai dai tarihin Abuja bai tsaya nan ba. Sunan garin ma na aro ne. Lokacin jihadi, Sarkin Zazzau na Haɓe, Muhamman Makau, ya bar Zariya ya yo kudu, ya sauka a Zuba wurin Korawa. Bayan an kashe shi a wajen Lapai a 1825, ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, ya kafa gari a 1828 aka kira shi Abuja. Ke nan Hausawan farko da suka yi sarauta a wannan yanki su ma 'yan gudun hijira ne, kuma sun tarar da masu ƙasa: Gwarawa da Korawa da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana.

Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, cunkoso ya yi wa Ikko yawa, ga shi kuma tana can gefe ɗaya a bakin teku. A watan Agustan 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba maganar sabon babban birni. Kwamitin ya zaɓi tsakiyar ƙasa, wurin da ba ya hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Murtala ya yi shelar kafa Babban Birnin Tarayya, da Doka ta 6 ta wannan shekara, aka yanko ƙasa kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Kwana goma bayan haka, ranar Juma'a 13 ga wata, aka harbe shi a Ikko, bai ga ko bulo ɗaya na garin ba. Allah Ya jiƙansa. Tsohuwar Abuja ta bar wa ƙasa sunanta, ta koma Suleja, daga sunan sarkinta na lokacin, Sulaimanu Barau. Gwamnati ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disamban 1991, zamanin Janar Babangida.

Yanzu mu lissafa kamar yadda muke yi a shago. Suna na Zage-zagi. Ƙasa ta Gwarawa da maƙwabtansu. Kuɗin gini akasari na man fetur ne daga yankin Neja-Dalta. Shugaban kwamiti Bayarabe, mai sa hannu Bakano. Leburori da magina da direbobi da masu sayar musu da abinci kuwa daga kowane lungu suka zo, kuma iyayen wasu daga cikinmu suna ciki, da tebur ɗin shayi ko buhun goro. Wannan garin kam ba Lugga ne ya shata shi ba, 'yan ƙasa ne suka yi shawara suka gina. Duk wanda ya zaro takardar naira 20 zai ga Murtala a gaba, a baya kuma Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane daga Kwali, wadda aikin hannunta ya kai ta Ingila da Amurka. Dutsen Zuma da muke wucewa a hanyar Kaduna ya daɗe a jikin naira 100.

Amma kada mu manta da waɗanda suka biya farashi. An ɗebe mutanen Wuse na asali aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja, aka kai wasu ƙauyukan Kubwa. Gonaki da kaburburan kakanninsu suna ƙarƙashin kwalta da benaye. Har yau ɗan asalin Abuja ba shi da gwamna ba shi da majalisar jiha, minista ake naɗa masa, sanata ɗaya gare shi da 'yan majalisar wakilai biyu. Mu ma rusau ya sha bi ta kanmu, musamman tsakanin 2003 da 2007, kuma a unguwar nan akwai wanda ya yi gini sau uku. Idan ɗanmu yana kukan an ce shi baƙo ne a garin da aka haife shi, ɗan Bagware yana kukan an mai da shi baƙo a garin kakansa. Wanda zai yi murna da Abuja sai ya ɗauki wannan bashin tare da murnar.

A nan ne muke ganin ya kamata a rarrabe kalmomi, domin a majalisa an cakuɗa su. Akwai taƙama, wato ka ga ka fi wani don an haife ka a wannan ɓangaren layi. Wannan ba shi da gindi a hankali, kuma addini ya hana. Aya ta 13 a cikin suratul Hujurati ta nuna mana cewa rabuwar mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila domin sanin juna ne, fifiko kuwa yana ga tsoron Allah. Mun kuma ga inda taƙama take kai mutane. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, Hausawa da Yarabawa da yawa, har da waɗanda aka haifa a zangunan Kumasi da Ankara, suka taho da abin da za su iya ɗauka. A watan Janairun 1983 mu ma muka kori baƙi, ciki har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya. Jakar nan mai zane-zane da muke sayarwa kullum, wadda ake ce wa Gana-mas-go, daga nan ta samo suna. Duk wanda ya taɓa zama a zango ya san abin kunya ne, na can da na nan.

Akwai kuma son ƙasa, kuma shi ba ya buƙatar ka zaɓa. Ba mu zaɓi iyayenmu ba, amma muna son su, muna jin zafi in an zage su. Maganar nan da ake yawan jingina wa Manzon Allah, cewa son ƙasa yana cikin imani, malaman hadisi sun ce ba ta inganta daga gare shi ba, don haka kada mu riƙa kawo ta a mumbari a matsayin hadisi. Abin da ya tabbata a tarihinsa shi ne ya bar Makka yana ƙaunarta, kuma da ya isa Madina ya roƙi Allah Ya sa musu son ta, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin masu hijira da masu masauki, ya yi yarjejeniyar zama da sauran mazauna garin. Ga mazaunin unguwar baƙi irinmu, babu darasin da ya fi wannan kusa.

Sannan akwai alfahari na gaskiya, wanda mutum yake ji idan mutanensa sun yi abin kirki kuma yana da hannu a ciki, ko yana shirye ya sa hannu. A 2014 cutar Ebola ta shigo Ikko, wata likita, Stella Adadevoh, ta hana mai cutar fita daga asibiti, ta kamu ta rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kawar da cutar daga Nijeriya. A watan Agustan 2020 aka yi shelar an ga bayan ƙwayar shan-inna ta asali a Afirka, bayan shekaru matanmu suna bin gida-gida da akwatin rigakafi a cikin rana, wasu ma a Kano aka kashe su a bakin aiki a 2013. Uwar da ta fito da ɗanta aka ɗiga masa tana da rabo a wannan. Wanda ya rufe ƙofa kuwa sai dai ya yi shiru.

To, yaronmu, ga amsarmu iyakar fahimtarmu. Zama ɗan Nijeriya ƙaddara ce, ba a yi wa kowa jarrabawa kafin a ba shi ba, saboda haka ba abin ɗaga hanci ba ne a gaban ɗan Nijar ko ɗan Gana. Kukanka a kan takardar asali kuma daidai ne, domin ƙasar da ta gina birni da sunan na kowa ne bai kamata ta riƙa tambayar wanda aka haifa a cikinsa garin kakansa ba. Amma wanda ya ce ba ruwansa da ƙasa ba shi zai gyara wannan ba. Zaɓen ƙananan hukumomi shida na Abuja a buɗe yake ga duk mai katin zaɓe a nan, amma ranar zaɓe da yawanmu muna shago, ko katin namu yana can garinmu. Sarkin Gwari da muke zaune a ƙasarsa, sau nawa muka je gaishe shi in ba neman fili ya kai mu ba? Kwatar da ta toshe a bayan masallaci, shekara nawa muna jiran hukuma?

Tutar tana nan a jikin falwaya, rana ta fara cin korenta. Shawarar da muka ba kwamitin unguwa ita ce a bar ta, kuma ranar Asabar mai zuwa bayan sallar asuba duk wanda ya yi gardama a daren nan, mai goyon baya da mai suka, ya fito da shebur mu yashe kwatar. Allah Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya, Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya sa mu zama maƙwabta nagari ga waɗanda suka sauke mu. Amin.