Fitilar zaiba: daga hasken tituna zuwa kayan tarihi

A Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin ampul kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi, kuma fitilar tururin zaiba na cikin abin da suke nema. Wani lokaci a aiko wa mutum ita daga nesa, ta iso da tsaga a jikinta, ya rasa abin yi: ya gyara ta, ko ya mayar wa mai ita? Amsar tana cikin tarihin fitilar, kuma ta shafi azuzuwanmu.

Wani Ba'amurke, Peter Cooper Hewitt, shi ya samu takardar mallakar ƙirarta a 1901. Dogon bututun gilashi ne da zaiba a ciki, sai an karkata shi zaibar ta gangara sannan ya kama. Haskensa shuɗi ne mai sirkin kore, babu ja ko kaɗan, har fuskar mai lafiya takan koma kamar ta majinyaci. Gidaje suka ƙi ta, amma masana'antu da masu ɗaukar hoto suka karɓe ta, don tana ba da haske mai yawa da kuran kaɗan.

A shekarun 1930 kamfanoni irin su GEC a Ingila, Philips a Holand da General Electric a Amurka suka fito da sabon samfuri mai matsin tururi sosai. Shi ne ya haskaka tituna da filayen wasa shekaru da dama. Gilashinsa biyu ne: ƙaramin bututu a ciki inda tururin ke ci, da babban ƙwai a waje.

Ƙwan na waje yana tare wani haske da ido ba ya gani, ultrabayolet, mai ƙona ido da fata. In ya fashe, bututun ciki na iya ci gaba da ci kamar ba abin da ya faru. An sha ganin haka a ɗakunan wasanni na makarantun Amurka: ƙwallo ta fasa gilashin can sama, ɗalibai da malamai su zauna ƙarƙashinsa, bayan ƴan sa'o'i idanu su yi ja, su kama raɗaɗi. Shi ya sa hukumar FDA ta wajabta alama a jikin fitilun: mai harafin T tana mutuwa da kanta cikin minti 15 bayan fashewa, mai harafin R kuwa ba ta mutuwa.

Saboda haka abin da ke gyaruwa shi ne akwatin daidaita kuran, da gidan fitilar, da gindin ƙarfe in ya saki. Gilashin ba ya ɗaukar faci, domin a masana'anta aka liƙe shi bayan an zuƙe iskar ciki. Wanda ta iso masa a tsage sai ya ɗauki hotonta ya nemi kuɗinsa, ko ya ajiye ta don kallo, kar ya kunna. In bututun ciki ne ya fashe, ta tashi daga kayan tarihi ta koma shara mai guba.

Zamanin fitilar ya wuce. Amurka ta hana ƙera ko shigo da sababbin akwatunan kuran nata daga 2008, Tarayyar Turai ta janye ta daga kasuwa a 2015. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, mai sunan garin Japan da gubar zaiba ta halaka mutanensa, ta sa 2020 a matsayin wa'adin daina ƙera ta don hasken yau da kullum. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar.

Sai dai jikar fitilar Hewitt tana nan rataye a lakwal da shaguna da gidajenmu: dogon neyon, wanda shi ma tururin zaiba ne ke ci a cikinsa. Malamai da uwaye, in ya fashe a fitar da yara, a buɗe tagogi minti 15. Kar a sa tsintsiya. A kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba a kwalba mai marfi. Mataccen neyon kuma kar a jefa shi bola, inda yara za su tsinta su yi takobi da shi.