Yadda Aka Tsara Karatun Mai Son Zama Likita A Amurka

Duk wanda ya yi karatu a zauren malami ya san ba a sakar wa almajiri rabon gado don ya haddace ayoyin gado kaɗai. Sai ya san lugga da nahawu, ya san fikihu, ya kuma iya hisabi, gama in ya kasa lissafi sai ya zalunci maraya ba da nufi ba. Haka al'amarin likita ya ke, har ma ya fi tsanani, domin shi rai a ke danƙa masa. Saboda haka tun zamanin da masana suna bincike a kan waɗanne fannonin ilmi ya kamata saurayi ya haɗa tukuna, kafin a fara koya masa magani. A ƙasar Amurka an yi shekara fiye da 150 ana wannan gardama, kuma a sanadinta makarantu da yawa suka mutu, waɗansu suka ɗaukaka.

Maganar ta girmi Amurka nesa ba kusa ba. A cikin shekarar 931 labari ya kai wa Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani mutum ya mutu saboda kuskuren mai magani. Sai Halifa ya yi umurni kada kowa ya ƙara yin aikin likita sai babban likitansa, Sinanu ɗan Sabitu, ya jarraba shi. Waɗanda aka jarraba sun wuce mutum 860. Bayan wannan, wajen shekarar 980, aka haifi Ibn Sina kusa da Buhara. Ya haddace Alkur'ani yana ɗan shekara 10. Ya koyi lissafin Indiya wurin wani mai sayar da kayan miya, ya karanta fikihu, da manɗiƙi, watau ilmin tsara hujja, da ilmin awo, da na taurari, sa'an nan ya juya kan magani yana wajen shekara 16. Littafinsa, Alƙanun, an juya shi da Latin, aka yi ta karantar da shi a makarantun Turai har ƙarni na 17. Haka kuma wajen shekarar 1240 Sarki Firedirik na Biyu ya kafa doka a ƙasarsa ta kudancin Italiya, ya ce mai son zama likita sai ya yi shekara uku yana karatun manɗiƙi, shekara biyar yana karatun magani, shekara guda kuma yana bin wani gogaggen likita.

To, amma a Amurka wannan tsari bai zauna ba da fari. An buɗe makarantar likita ta farko a Filadelfiya a 1765. Da jama'a suka yi yawa, suka bazu yamma, sai bukatar masu magani ta ƙaru, makarantar likita kuwa ta zama abin ciniki. Likitoci kaɗan su kan haɗa kai su kama ɗaki, su sa kujeru, su ce sun buɗe makaranta. Kuɗin da ɗalibai su ke biya aljihun malaman ya ke shiga, saboda haka ba wanda a ke kora. Karatun duka zango biyu ne, kowane wata huɗu, kuma abin da aka faɗa a zangon farko shi a ke maimaitawa a na biyu. Mutum ya kan karɓi takardar shaida bai taɓa duba majinyaci ba.

Ko manyan makarantu ba su kuɓuta ba. A Harvard malamai tara ne ke yi wa ɗalibi tambayoyi da baki, kowane na ɗan lokaci kaɗan, in biyar sun yarda da shi ya ci ke nan. A 1869 aka naɗa wani masanin kimiyyar sinadarai, Charles Eliot, shugaban jami'ar. Da ya ce a riƙa yin jarrabawa a rubuce, sai wani babban malamin fiɗa ya ƙi, ya ce ai fiye da rabin ɗaliban da ƙyar su ke iya rubutu. Eliot ya dage. A 1871 aka mai da karatun shekara uku, aji bisa aji, tare da jarrabawa a rubuce. Ɗalibai suka ragu ƙwarai, kuɗi ya ragu, amma bai ja da baya ba.

Babban sauyi daga birnin Baltimore ya fito. Akwai wani attajiri can, sunansa Johns Hopkins, wanda ya rasu a 1873, ya bar wasiyyar dala miliyan 7 a raba biyu, a gina jami'a da asibiti. Aka buɗe jami'ar a 1876. Shugabanta na farko, Daniel Gilman, ya kasa karatun ɗalibai rukuni rukuni, ya keɓe ɗaya domin masu niyyar likita. A cikinsa aka haɗa kimiyyar sinadarai, da ilmin halittu masu rai, da ilmin ƙarfi da zafi da haske, tare da harsuna. Dalilinsa a fili ya ke. A wannan zamani ne Pasteur a Faransa da Koch a Jamus su ke nuna cewa ƙwayoyi ƙanana, waɗanda ba a gani sai da madubin ƙara girma, su ne ke kawo cututtuka da yawa. Koch ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. Wanda bai san sinadarai ba, bai kuma iya karanta Jamusanci ba, ba shi da hanyar shiga wannan sabon ilmi.

Aka buɗe asibitin a 1889, amma makarantar likita ta tsaya, domin hannun jarin kamfanin jirgin ƙasa da aka dogara a kansa ya daina kawo riba. Nan ne waɗansu mata na birnin suka tashi neman taimako. Ana bukatar dala 500,000. Wata 'yar attajiri, Mary Garrett, ta cika abin da ya rage, fiye da dala 300,000, amma ta kafa sharuɗɗa. Ta ce a karɓi mata daidai da maza. Ta ce kada a karɓi kowa sai wanda ya riga ya sami digiri, ya yi fannonin kimiyya ukun nan, ya kuma iya karanta Faransanci da Jamusanci. Malaman kansu suka tsorata, suna zaton ba za a sami ɗalibai ba. Har ɗaya daga cikinsu, Likita Osler, ya yi wa abokinsa ba'a, ya ce sun yi sa'a da suka shiga a malamai, gama da a ɗalibai ne da ba a karɓe su ba. Duk da haka aka buɗe a 1893 da ɗalibai 18, uku daga ciki mata ne.

Makaranta guda ba ta isa ta gyara ƙasa ba, sauran suna nan yadda su ke. Sai a 1908 Gidauniyar Carnegie ta ɗauki wani malamin makaranta, Abraham Flexner, ta sa shi ya kewaya ya duba su duka. Shi ba likita ba ne. Girkanci da Latin ya karanta a Johns Hopkins, ya koma garinsu ya buɗe makarantar yara. Ya ziyarci makarantun likita 155 a Amurka da Kanada. Ko'ina ya je ya kan duba sharaɗin shiga, da yawan malamai, da kuɗin da makarantar ke da shi, da ɗakunan gwaje-gwaje, da asibitin da ɗalibai ke koyo a ciki. Ya ba da labari cewa a wata makaranta an zaga da shi cikin gaggawa, ya ga ƙofofi a kulle, kowace an rubuta mata sunan wani fanni. Da ya rabu da shugaban, sai ya komo a ɓoye, ya ba mai gadi 'yan kuɗi ya buɗe masa. Bai tarar da kome ciki ba sai tebur da kujeru da allo.

Rahotonsa ya fito a 1910. Ya nuna cewa makarantu 16 kaɗai ke neman ɗalibi ya yi shekara biyu ko fiye a kwaleji kafin ya shiga. Ya ba da shawara a rage su zuwa 31, kowace ta zama ƙarƙashin jami'a, kuma mai shiga lalle ya zo da fannonin kimiyya ukun nan. Jaridu suka ɗauka, hukumomin jihohi suka tsananta dokar ba da izinin aiki, attajirai kuma suka zuba kuɗi ga makarantun da ya yaba. Kafin 1935 makarantun likita a Amurka sun koma 66. Babu shakka majinyata sun amfana, domin likitan da ya fito bayan wannan ya san abin da ya ke yi.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Da karatu ya yi tsawo, ya yi tsada, sai ƙofa ta ƙuntata ga ɗan talaka, ƙauyuka da yawa kuma suka rasa likita. Baƙar fata suna da makarantu bakwai, Flexner ya ce biyu kaɗai suka cancanci a bari, watau Howard a Washington da Meharry a Nashville. Sauran biyar suka mutu, ga shi kuwa yawancin makarantun Turawa a lokacin ba su karɓar baƙin mutum. Mata suna da makarantu uku nasu na kansu, ɗaya ce ta rage. Saboda wannan ɓarna, da kuma maganganun raini da ya rubuta a kan baƙar fata da mata, ƙungiyar makarantun likita ta Amurka ta cire sunansa daga lambar yabonta a 2020.

Akwai kuma wata illa da ta ɓullo a hankali. Da samari suka ga kimiyya ce mabuɗin shiga, sai suka watsar da tarihi da adabi da harsuna, suka duƙufa kan neman maki, kowa yana kishin ɗan'uwansa. Aka fara samun likita wanda ya san sunan kowane ƙashi, amma bai iya zama da tsohuwa ya saurari kukanta ba, bai kuwa san talauci ko al'ada na hana mutum shan magani ba. Flexner kansa ya koka a 1925, ya ce sabon ilmin likita ya yi ƙaranci wajen adabi da hikima. A 1978 wani shahararren likita, Lewis Thomas, ya rubuta cewa makarantun likita sun ɓata karatun kwaleji, har ya ce gara a sa ɗalibai su koyi tsohon Girkanci. A 1984 ƙungiyar makarantun likita ta fitar da rahoto tana neman a bar ɗalibi ya yi karatu mai faɗi kafin ya zo.

Daga nan jami'o'i suka shiga gwada sababbin hanyoyi. A 1969 Jami'ar Brown ta sauya tsarinta, ta yarda ɗalibi ya tsara wa kansa haɗin fannonin da zai karanta, muddin malamai sun duba sun amince. Wajen 1970 Jami'ar Stanford ta kafa wani fanni na nazarin ɗan Adam, inda aka gama ilmin halittu da ilmin halayyar mutum da na zaman jama'a. A 1987 makarantar Mount Sinai ta birnin New York ta fara yi wa ɗaliban adabi da tarihi alkawarin gurbi tun suna tsakiyar kwaleji, ta yafe musu babbar jarrabawar shiga, ta ba su kwas na mako takwas a maimakon waɗansu darussan kimiyya. Da aka gwada su da sauran a 2010, aka ga aikinsu a asibiti bai kasa na kowa ba, ko da ya ke makinsu a jarrabawar kimiyya ta farko ya ɗan yi ƙasa. A 2015 kuma aka sāke babbar jarrabawar shiga ta ƙasa duka, aka ƙara mata tambayoyi a kan halayyar mutum da zaman jama'a.

Abin da aka tsaya a kai bayan wannan doguwar tafiya shi ne, ba a tilasta wa mai son likita wani fanni guda a kwaleji. Ya kan yi shekara huɗu can, sa'an nan huɗu a makarantar likita, kana ya yi waɗansu shekaru yana aiki ƙarƙashin manya. A shekarun kwaleji yawancin makarantu suna neman ya yi sinadarai, da ilmin halittu, da ilmin ƙarfi da zafi da haske, da lissafi, da rubutun Ingilishi. Sauran lokacin nasa ne. Mai hankali ya kan duba irin aikin da ya ke nufi, sa'an nan ya zaɓa. Wanda zai yi aiki cikin baƙi ya kan koyi harshensu. Wanda zai yaƙi annoba ya kan ƙara ƙididdiga da tarihin cututtuka. Wanda zai riƙe asibiti ya kan karanta tattalin arziki da doka. Ya kan rubuta dalilin kowane darasi, ya kai wa malamai su duba, domin kada haɗin ya zama tsince-tsince marar kai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makarantun ciniki na da sun bar kimiyya, mutane suka mutu a hannun jahilai. Waɗanda suka gyara su sun riƙe kimiyya kaɗai, suka rufe ƙofa ga talaka da mace da baƙin mutum, suka kuma manta majinyaci mutum ne mai iyali da tsoro da al'ada. Ibn Sina da ya fara da Alkur'ani da fikihu da lissafi, da Mary Garrett da ta ce sai an haɗa kimiyya da harsuna, duk abu guda su ke nema, watau likitan da zai san cuta, ya kuma san mai ita.