Tsakanin Tasha da Gari: Tarihin Layin Dogo a Ƙasar Gumel

1.0 Gabatarwa

Daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Gagarawa akwai biyu masu suna iri ɗaya, watau Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha. Wannan rabuwar suna ta adana wani babi na tarihin ƙasar Gumel, domin tana nuna cewa inda jama'a suka zauna tun asali daban, inda jirgin ƙasa ya zo ya tsaya kuma daban. A wannan maƙala za a duba yadda aka shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, da dalilin da ya sa ya bi ta gefen masarautar bai shiga birninta ba, da kuma abin da wannan tazara ta haifar.

2.0 Ƙasar Gumel Kafin Zuwan Dogo

Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel a tsakiyar ƙarni na 18, kuma ta daɗe tana bin Barno. Daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, aka dawo da gadon sarauta Gumel a ƙarni na 19. Zaman ƙasar tsakanin Kano da Haɗeja da Damagaram ya jawo mata yaƙe-yaƙe, amma kuma ya sa ta zama mashigar fatake masu jakuna da raƙuma da takarkarai. A wancan zamani hanya takan bi gari ne, domin a gari ake samun rijiya da zango da kasuwa da kariyar ganuwa. Bayan da Sarki Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila a 1903, sai aka shata iyaka da Faransa, Maigatari ta zama bakin iyaka.

3.0 Shimfiɗa Layin Kano Zuwa Nguru

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912, nan da nan kuwa gyaɗa ta zama babbar hajar da yake ɗauka zuwa bakin teku. Ko a Kano ɗin ma, a wajen ganuwa aka kafa tasha, kusa da filayen da aka yanka wa kamfanonin Turawa. Ganin ribar gyaɗa ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da rassa biyu a arewa: na Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka gama a 1929, da na Kano zuwa Nguru, mai tsawon mil 143, wanda aka gama a 1930. Wannan na biyu ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa.

In aka dubi taswira za a ga abin lura guda. Manyan biranen sarauta biyu na wannan yanki, Gumel da Haɗeja, dogo bai shiga ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya ratsa ta tsakaninsu, ya bar wa Haɗeja tasha a Malam Madori, ya bar wa Gumel tasha a Gagarawa, kusan kilomita 30 kudu da birnin. Dalili a fili yake. An yi layin ne domin buhun gyaɗa da fata da ƙirgi da shanu, ba domin matafiyi ba. Buhu kuwa ba ruwansa da fada ko masallacin Juma'a. Duk inda aka kafa sikeli can za a kai shi. Saboda haka masu awon hanya suka zaɓi miƙaƙƙen layi mai sauƙin kuɗi, suka bar wa manomi da jakinsa ɗawainiyar cike sauran tafiyar.

4.0 Abin da Tazarar ta Haifar

Da farko dai tashoshin sun zama garuruwa da kansu. Inda jirgi ke tsayawa nan masu sayen gyaɗa ke kafa rumfa da sikeli da kaka, sai 'yan dako da masu abinci da ma'aikatan reluwe daga kudu su biyo baya. Haka Malam Madori da Nguru suka bunƙasa, haka kuma aka sami Gagarawa Tasha a gefen Gagarawa Gari. Mulki ya zauna a birni, wani kaso mai tsoka na ciniki ya koma bakin dogo.

Na biyu, nauyin tazarar ya faɗa a kan mutanen da suka fi nisa. Manomin ƙasar Sule Tankarkar ko Maigatari sai ya ɗora kaya a kan dabba, ya ratsa rairayi, kafin ya ga hayaƙin jirgi. Duk abin da aka kashe a wannan tafiya daga kuɗin gyaɗarsa ake cire shi. Haka nan matafiyi daga birnin Gumel zuwa Kano, sai ya fara yin kudu zuwa tasha, ya jira ranar jirgi.

Na uku, wanda ya fi duka tasiri, shi ne shigowar mota. Da fari lori ɗan aiken jirgi ne, yana kwaso kaya daga ƙauyuka zuwa tasha. Amma da hanyar Kano zuwa Gumel da Maigatari ta gyaru, sai ɗan kasuwa ya ga ba dalilin yin lodi sau biyu, tun da motar da ta ɗauki kaya a ƙofar gidansa tana iya sauke su a Kano. Fari na 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya hajar da aka gina layin dominta. Da gyaɗa ta tafi, dogo ba shi da fasinjan birni da zai dogara a kansa, domin tun farko bai je inda suke ba. Shi ya sa kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, take tura shanunta kudu a manyan motoci, alhali a da ana kora shanun arewa zuwa tasha ne a loda su a tarago.

5.0 Darasin ga Sababbin Layuka

Wannan matsala ba ta ƙare da zamanin Turawa ba. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya tsaya ne a Idu da Rigasa, dukansu a gefen gari, sai a 2018 aka buɗe ƙaramin layin da ya haɗa Idu da tsakiyar Abuja. A Legas kuwa, jirgin ma'aikata da ya fara aiki a 2023 ya shiga har Marina, cibiyar ciniki. Sa'an nan layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, an tsara shi ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina, da reshe zuwa Dutse. Ƙasar Gumel ba ta cikin wannan tsari.

6.0 Kammalawa

Tarihin Gagarawa ya nuna cewa amfanin dogo ga jama'a ya rataya ne a kan 'yan kilomitocin ƙarshe da ke tsakanin tasha da tsakiyar gari. Idan wata rana aka yi niyyar farfaɗo da layin Nguru, tambayar da ta kamata masu tsarawa su fara amsawa ita ce yadda zai kai Gumel da Maigatari, inda mutane da kasuwa suke. In an sake barin wannan giɓi, mota za ta sake cike shi kamar yadda ta yi a baya.