Tatra V570: Motar Talakawa Da Masu Ita Suka Ƙi Fitarwa

Duk wanda ya yi wayo a Nijeriya kafin shekarun 1990 ya san motar Bosuwaja mai siffar kunkuru, wadda aka soma harhaɗawa a Ikko a 1975, injinta na baya, ba ta da lagireto balle a zuba mata ruwa, ƙararta kuwa tun daga nesa ake shaida ta. Amma kaɗan ne suka san cewa shekaru biyar kafin a aza harsashin masana'antarta a Jamus, an riga an ƙera wata 'yar mota mai wannan tsari a wani ƙaramin gari na ƙasar Cekoslobakiya, aka gwada ta a hanya ta yi tafiya lafiya lau, sa'an nan masu ita suka yi shawara suka jingine ta. Sunanta Tatra V570.

Garin shi ne Koprivnice, a lardin Morabiya, inda kamfanin Tatra ya samo asali daga sana'ar ƙera keken doki tun 1850, daga baya ya shiga taragun jirgin ƙasa, sa'an nan motoci. Babban injiniyansa a zamanin da muke magana shi ne Hans Ledwinka, ɗan Ostiriya, wanda aka haifa a 1878 kusa da birnin Biyana, mutumin da bai yi dogon karatun jami'a ba, bal ma a bakin aiki ya samu mafi yawan iliminsa. Shi ne ya fito da Tatra 11 a 1923, wadda maimakon shasi mai nauyi irin na zamanin ya gina ta bisa bututun ƙarfe guda ɗaya da ya ratsa tsakiyarta tun daga gaba har baya, ya bar kowace tayar baya tana hawa da sauka ita kaɗai, ya kuma sa mata inji mai silinda 2 wanda iska ke sanyayawa. Hikimar wannan a fili take ga wanda ya san ƙasar, domin hanyoyinta na duwatsu ne, sanyin hunturunta kuwa yakan daskarar da ruwa a cikin inji har ya fasa shi, alhali iska ba ta daskarewa.

Da shekarun 1930 suka kama, tattalin arzikin duniya ya durƙushe, sai mas'alar da ta dami maƙera motoci a Turai ta zama guda: yaya za a yi mota mai araha wadda malamin makaranta ko akawu zai iya saye? Ledwinka da ɗansa Erich da wani saurayin injiniya mai suna Erich Ubelacker suka yi ijtihadi, suka ga cewa in aka mai da inji baya, kusa da tayoyin da yake turawa, to an huta da doguwar farfela da ke bi ta ƙarƙashin mota, nauyi ya ragu, kuɗin ƙira ya ragu, daɓen cikin ya sauko ƙasa, ƙara da zafi da hayaƙi kuma duk sun koma bayan fasinja. A 1931 suka yi gwajin farko da jikin mota irin na yau da kullum. A 1933 suka yi na biyu, wanda shi ne ya shahara: kujeru huɗu, inji mai silinda 2 kwance suna fuskantar juna, girmansa cc 854, ƙarfinsa na doki 18, gudunta bai wuce kilomita 80 a awa ba.

Abin da ya bambanta ta shi ne jikinta. An zana shi bisa ƙa'idojin Paul Jaray, wani masani da ya yi aiki a kamfanin Zeppelin mai ƙera manyan jiragen sama masu tashi da iskar gas, wanda ya daɗe yana nazarin yadda iska ke bin jikin abu mai tafiya, har ya tabbatar cewa motocin zamaninsa masu kusurwa huɗu suna ɓarnatar da ƙarfinsu wajen kokawa da iska. Saboda haka aka dunƙule goshin V570, aka zubo rufinta a hankali zuwa baya, wanda duk ya ga hotonta a yau ba zai rasa tuna kunkurun Jamus ba.

To, me ya hana ta fita kasuwa? Ba wani aibi aka samu a jikinta ba wanda ya gagari gyara. Hasali ma 'yar gidansu ce ta tare mata hanya, domin a wannan lokaci Tatra na sayar da wata ƙaramar mota, Tatra 57, mai inji a gaba, wadda jama'a suka karɓa hannu biyu, shugabannin kamfanin kuwa ba su ga maslaha ba a kashe dukiya a kafa sababbin na'urori don a fito da abin da zai cinye kasuwar abin da ke kawo musu riba. Suna da wata hujja kuma wadda ba a raina ta: fa'idar jiki mai yanka iska ba ta bayyana sosai sai gudu ya yi yawa, motar da ba ta wuce 80 ba kuwa kaɗan za ta amfana. Sai suka ɗauki ilimin da aka samu suka zuba shi a motar attajirai, Tatra 77, mai silinda 8, wadda aka nuna a 1934. Ita kuwa V570 aka sayar da ita ga wani mutum, ya yi ta hawa kusan shekara 30 kafin ta komo hannun kamfanin, yanzu tana gidan tarihinsa a Koprivnice. A ganina wannan doguwar hidima ta isa shaida cewa ƙirar ba ta da laifi.

A shekarar 1934 ɗin nan ce gwamnatin Hitila ta ɗora wa injiniya Ferdinand Porsche aikin ƙera motar jama'a, wato Bosuwaja, wadda za ta ɗauki manya biyu da yara uku, ta yi kilomita 100 a awa, farashinta kuma kada ya kai mak 1,000 na kuɗin Jamus. Porsche da Ledwinka sun san juna, duka biyu 'yan tsohuwar daular Ostiriya ne, suna haɗuwa suna tattauna sana'a, kuma an ruwaito cewa Porsche da kansa ya yarda kowannensu kan leƙa aikin ɗan'uwansa. Da motar Jamus ta bayyana da inji a baya, mai sanyaya da iska, bisa shasi mai bututu a tsakiya, Tatra ta yi da'awar an ci haƙƙin ƙirƙirarta, musamman kan dabarar kai iska ga injin. Amma kafin shari'a ta je ko'ina sojan Jamus suka shiga yankin Koprivnice a 1938, suka gama mamaye ƙasar a watan Maris na 1939, ƙara ta mutu, aka kuma tsai da ƙera Tatra 97, matsakaiciyar motar da ta gaji V570, bayan an yi kimanin 500 kacal.

A nan ya kamata a yi adalci, domin masu ba da wannan labari sukan gaggauta yanke hukuncin sata. Ra'ayin ƙaramar mota mai inji a baya ya riga ya yaɗu a tsakiyar Turai: Bela Barenyi ya zana irinta tun 1925, Josef Ganz ya fito da Standard Superior a 1933, Porsche kansa ya yi wa kamfanonin Zundapp da NSU gwaje-gwaje makamanta waɗanda su ma ba su kai kasuwa ba. Abin da motar Jamus ta samu, wanda sauran ba su samu ba, shi ne daula sukutum a bayanta, mai ikon gina sabon gari da masana'anta don mota guda, ta kuma karɓi mak 5 kowane mako daga mutum fiye da 300,000 waɗanda yaƙin duniya na biyu ya ci kuɗinsu ba su ga mota ba. Wane kamfani mai lissafin riba da hasara a ƙaramar ƙasa zai iya wannan? Bayan yaƙi sojan Ingila suka tayar da masana'antar, aka yi ta ƙera kunkurun har 2003, adadinsa ya haura miliyan 21.

An sake tayar da da'awar bayan yaƙi, kuma a shekarun 1960 kamfanin Bosuwaja ya biya kuɗin sulhu a wajen kotu ga iyalan Ringhoffer, waɗanda suka mallaki Tatra kafin gwamnati ta karɓe shi. Ledwinka kuwa hukumar Cekoslobakiya ta ɗaure shi daga 1945 zuwa 1951 bisa tuhumar haɗa kai da 'yan mamaya, da ya fito ya bar ƙasar, ya rasu a birnin Munik a 1967, kotu ba ta wanke sunansa ba sai a 1992.