Amsoshin Takardunku: Shin Babba Yana Ɗaukar Karatu Wurin Yaro?

 

Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani ɗan'uwa, manomi kuma mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauye, wanda ya roƙi kada mu ambaci sunansa. Ya ce shekarunsa sun haura 50, kuma bayan an gama girbi ya shiga ajin yaƙi da jahilci, domin ya gaji da kai wa mutane takardun cinikinsa su karanta masa, kowa ya san abin da ya samu da abin da ake bin sa. To, amma malamin ajin yaro ne, sa'an ɗansa na biyu. Abokan zamansa na kasuwa sun sa shi gaba da ba'a, wai ga gemu ya durƙusa gaban yaro yana abacada, har ya yi mako 2 bai leƙa ajin ba. Tambayarsa ita ce, shin a tarihin ƙasarmu an taɓa samun babba ya ɗauki karatu wurin wanda bai kai shi ba? Kuma shin irin wannan yaro ya cancanci girman da ake ba malami?

To, Malam, mun gode da wannan takarda, kuma ka sani ba kai kaɗai ke cikin wannan hali ba. Gyara zama ka ji.

Bari mu fara da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, watau Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu. A fagen Larabci da tafsiri da fiƙihu, da wuya ka sami wanda ya sha gabansa a zamaninsa. A shekarar 1812, bayan an ci yaƙi, sunansa ya kai ko'ina, sai ya zauna ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi. Abin da ke ciki shi ne sunayen mutanen da suka karantar da shi, da waɗanda suka karantar da wansa Shehu, da littafin da aka karanta wurin kowane ɗaya.

Daga wannan littafi ne muka san cewa Shehu, wanda aka haifa a Maratta cikin 1754, ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsa Muhammadu Fodiyo. Ya koyi nahawu wurin Malam Abdurrahmani ɗan Hammada. Ya karanta Muhtasar wurin wani kawunsa da ake kira Usmanu Binduri, ya lizimce shi wajen shekara 2, har ya kwaikwayi halayensa na tsoron Allah da yi wa jama'a wa'azi. Daga nan ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru kamar shekara guda, suka tafi tare har Agadas. Da Malam Jibrilu ya wuce aikin hajji, Shehu ya komo gida, domin mahaifinsa bai ba shi iznin wucewa ba. Daga baya Shehu ya saɓa wa Malam Jibrilu a kan wata mas'ala ta hukuncin mai aikata manyan zunubai, ya kuma rubuta saɓanin a fili, amma wannan bai hana shi ci gaba da yabon malamin nasa da ambaton alherinsa ba.

Shi kuwa Abdullahi, ya ce yana da shekara 13 aka damƙa shi hannun wansa, watau malaminsa na farko bayan mahaifinsa ɗan ɗakinsu ne. Amma wurin da ya fi shafar tambayarka shi ne ƙarshen lissafin. Bayan ya ambaci manyan shehunnai, sai ya nuna cewa akwai malamai da almajirai masu yawa da suka riƙa zuwa musu daga gabas da yamma, ya amfana da su, har ba zai iya ƙidaya su ba. Ka lura, har da almajirai. Mutumin da ya rubuta tafsirin Alƙur'ani sukutum bai ji kunyar shaida wa duniya cewa ya tsinci ilimi wurin matafiya masu neman karatu ba. Ya ma rubuta ne don kada a manta da su.

Sai kuma Nana Asma'u, 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, wadda aka haifa a Ɗegel cikin 1793, ta rasu cikin 1864. Ita ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. A zamaninta ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno cike suke da matan da ba su sami karatu ba, ga aikin gida, ga nisa, ga rashin tsaro a hanya. Ba za ta iya zagaya su duka ba, su kuma ba za su iya barin gidajensu su tare a birni ba. Dabarar da ta yi ita ce, ta zaɓi dattawan mata masu hankali da riƙon amana daga ƙauyukan nan, ta naɗa kowace ta zama jaji, watau jagorar ayari. Takan ba ta malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai, don kowa ya san matsayinta. Jaji takan taho da tsofaffin mata da 'yan mata a ƙasa, su zo wurin Nana su ɗauki karatu a cikin waƙoƙi masu saukin hardacewa, su koma su koya wa matan aure da ke cikin gidaje. Waɗannan su ake kira 'Yan Taru. Sukan zo da ɗan abin da Allah Ya hore, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare, ita kuma ta rarraba wa mabukata.

To, su wane ne jajin nan? Matan ƙauye ne, masu daka da niƙa da kaɗi, ba 'ya'yan sarauta ba. Amma ta bakinsu ne dubban mata suka san alwala da salla da tarihin Annabi da haƙƙin maƙwabci. Da wasu daga cikinsu suka rasu, Nana ta yi musu waƙoƙin ta'aziyya ta ambaci sunayensu da kyawawan halayensu. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin, kuma tsarin ya rayu har bayan zuwan Turawa. Tsofaffin da suka riƙa takowa zuwa wurin Nana, da yawansu sun yi jika, amma ba a taɓa jin an ce tsufa ya hana su zama a gabanta ba.

Yanzu kuma mu zo ga ajin naka, domin shi ma yana da asali. A watan Agusta na 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi kansa malamin makaranta ne a Midil ta Bauchi, ya miƙe a majalisar Jihar Arewa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a kuma wayar da kan talakawa. Cikin abubuwan da suka biyo baya har da gangamin Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi na Katsina yana cikin manyan jagororinsa. Aka buɗe azuzuwa a zauruka da gindin itatuwa da rumfunan kasuwa. Aka kafa hukumar NORLA a Zariya don buga ƙananan littattafai masu araha, da jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano da Bazazzaga ta Zariya, domin wanda ya koyi karatu ya sami abin karantawa kada ya manta. Hukumar ta yi aiki har 1959.

Su wa kake tsammani suka koyar a waɗannan azuzuwa? Ai masu digiri a Arewa a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Galibi samari ne da suka gama elamantare, da malaman dagatai, da duk wanda ya iya boko a gari, ana ba su ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Ɗalibansu kuwa magidanta ne, da fatake, da masu unguwanni. Da yawa daga cikin dattawan da ka taso ka ga suna karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙofar gida, ko suna duba rasidin haraji da kansu, a gaban irin waɗannan yara suka durƙusa. Daga baya Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya cikin 1980, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa tata cikin 1990. Saboda haka, Malam, tabarmar da kake zama a kai wasu sun riga ka zama, kuma ba su tashi da hasara ba.

Akwai kuma ɗaya gefen maganar, wanda ba ka tambaya ba amma ya kamata ka ji. Kai ma malami ne. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Smith tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau tare da mijinta, wanda ke binciken yadda Hausawa ke zaman duniya. Shi namiji ne, ba ya shiga gidajen kulle. Sai matar ta saba da wata tsohuwa, ungozoma, da ake kira Baba, mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Baba ba ta karatu ba ta rubutu. Amma ta ga zamanin harin bayi da idonta, ta ga zuwan Turawa, ta san aure da kishi da goyo da ƙawance da bori da noman gandu ciki da bai. Suka yi kamar mako 6 tana faɗa, Baturiya tana rubutawa. Baba ta rasu cikin 1951, littafin kuma ya fito a Landan cikin 1954 da sunanta a bangonsa. Tun daga lokacin manyan malaman jami'a a ƙasashe da dama suke karanta shi, suna koyar da shi. Ka ga a nan mai alƙalami ce ɗaliba, ungozoma ce malama.

Haka kuma a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Daga 1983, bayan an sha kashe kuɗi wajen dashen itatuwa suna mutuwa, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka bar tsiro kaɗan masu ƙarfi aka rage sauran, sai su zama itace. Da farko dariya aka yi wa waɗanda suka gwada, aka ce sun bar gona da datti. Amma da aka ga gonakinsu sun fi jure iska, ga itacen wuta, ga abincin dabbobi, sai manomi ya riƙa koya wa manomi, a gona da kasuwa da wurin suna, har abin da ake kira sassabin zamani ya bazu. A ƙasar Damagaram ma manoma sun riƙa rainon gawo a gonakinsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta haka a Nijar ta kai hekta miliyan 5. Mafi yawan malaman da suka yi wannan aiki ba su taɓa riƙe alli ba.

To, Malam, ga amsarka a taƙaice. Na'am, an yi, kuma manyan da muke alfahari da su ne suka yi. Hausawa da suka ce gemu ba ya hana ilimi, abin da suka gani suka faɗa. Yaron nan kuwa, muddin yana gaban allo, malaminka ne, ka kira shi Malam, ka zo kan lokaci, kada ka katse shi a gaban jama'a. In an tashi aji kai ne uba, shi ma ya san haka. Kuma kada ka raina abin da ke hannunka. Kai ka san geron da ya sha ruwa da wanda ya bushe sarai tun daga jin sa a tafin hannu, ka san watan da farashi ke karyewa da wanda yake tashi. Shi bai san wannan ba. Ka koya masa, ka ga an yi ba ni gishiri in ba ka manda.

Game da masu ba'a kuwa, kada ka yi faɗa da kowa. Ka lissafa abin da rashin karatu ya ci maka a shekara 30 na ciniki: bashin da aka musanta maka don babu shaida a rubuce, takardar takin zamani da ka dangwala wa hannu ba ka san abin da ke ciki ba, maganin feshi da aka auna da ka. Sa'an nan ka auna shi da dariyar 'yan makonni. Ranar da ka buɗe littafin bashinka ka karanta da kanka a tsakiyar kasuwa, wasu daga cikinsu za su zo a ɓoye su tambaye ka ranar da ake ɗaukar sababbin ɗalibai.

Daga ƙarshe ga wani aiki da muke ba ka, da duk mai sauraro da ya ga zai iya. Da zarar hannunka ya faɗa da rubutu, ka sami takarda ka yi irin abin da Malam Abdullahi ya yi. Ka rubuta sunan malamin allonka, da wanda ya fara riƙa maka fartanya, da wanda ya koya maka awo da mudu, da tsohuwar da ta nuna maka ganyen da ke tsai da gudawar yaro kafin a kai asibiti, da wannan yaro na ajin yamma. Wanda ke da rai ka je ka gaishe shi, ko da goro biyu ne, domin yaba kyauta tukwici. Wanda ya riga mu gidan gaskiya ka yi masa addu'a, ka kuma gaya wa 'ya'yanka sunansa. Wanda bai iya rubutu ba tukuna, ya sa ɗansa ya rubuta masa.

Muna fata takardarka ta gaba da hannunka za ka rubuto mana ita, ko da layi 3 ne, ko da baƙaƙen sun karkace. Za mu karanta ta a wannan fili in Allah Ya yarda.

Sai mako mai zuwa. A huta lafiya.