Tarihin Auna Dannin Tafin Ƙafa a Cikin Takalmi

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin shimfiɗar cikin takalmi mai auna yadda nauyin mutum yake danna tafin ƙafarsa yayin tafiya. Za mu nuna cewa masu nazarin taku ne suka fara aikin, amma larurar kutare ce ta mayar da shi abin ceton ƙafa.

A shekarar 1872 ne Gaston Carlet, almajirin Étienne-Jules Marey a birnin Faris, ya haɗa takalmi mai kurmin iska a ƙasansa. Duk lokacin da aka taka, sai iskar ta bi bututun roba ta motsa alƙalami a jikin wata ganga mai juyawa. Zanen ya nuna cewa danni yakan tashi sau biyu a kowane taku, wato bayan saukar dunduniya da kuma lokacin da gaban ƙafa yake tunkuɗa ƙasa. A 1947 Harris da Beath suka binciki ƙafafun sojojin Kanada da tabarmar roba mai tawada, sai dai tabarma ba ta bayyana abin da ke gudana a cikin takalmi.

Babban ci gaba ya zo daga Vellore a ƙasar Indiya, inda likita Paul Brand yake duba kutare. A da an ɗauka cutar ce da kanta take cinye nama. Brand ya tabbatar cewa jijiyoyi take kashewa, sai mutum ya dinga taka wuri ɗaya ba ya jin zafi, har gyambo ya ɓulla. A 1963 shi da Bauman suka wallafa awon da suka yi da ƙananan na'urori masu faɗi, waɗanda suka liƙa a tafin ƙafa a cikin takalmi. Bayan ƙaurarsa zuwa Carville a Amurka, ya nuna cewa haka gyambon masu ciwon sukari yake samuwa.

Daga shekarun 1990 shimfiɗu masu haɗuwa da kwamfuta suka bazu a asibitoci da ɗakunan bincike. Ta F-Scan tana da wuraren awo har 960, ta pedar kuwa 99. Na baya-bayan nan suna aika bayani zuwa wayar hannu ba tare da igiya ba. Jagorar ƙasa da ƙasa ta 2019 kan ƙafar masu ciwon sukari ta nemi takalmin da zai sauke danni ƙasa da kilofaskal 200, ko ya rage shi da kashi 30 cikin ɗari.

A taƙaice, wannan na'ura tana tsaya wa majiyyaci a matsayin jin zafin da ya rasa. Muna ganin wajibi ne masu koyar da aikin likita su karantar da tarihinta tare da amfaninta, domin gyambon da aka hana shi ne ƙafar da ba a yanke ba.